Dalilan da suka sa masu tara tsofaffin kuɗi ke fifita wata dalar azurfa a kan wata

A watan Janairu na shekara ta 2013, a wani gwanjo da aka gudanar a birnin New York na ƙasar Amurka, an sayar da kwandala guda ɗaya tak ta dalar azurfa wadda aka buga a 1794 a kan kuɗi fiye da dala miliyan 10. Azurfar da ke jikin wannan kwandala ba ta kai oza guda ba, kuma bisa farashin kasuwa na wannan lokaci, kuɗinta bai kai dala 30 ba. A daidai wannan lokaci kuwa, 'yan kasuwa na sayar da wasu dalolin azurfar Amurka da suka haura shekara 90 da bugawa a kan abin da bai ɗara kuɗin azurfarsu da wani abin kirki ba.

Wannan rata mai yawa tsakanin kwandala da 'yar'uwarta, alhali girmansu da nauyinsu kusan ɗaya ne, ita ce ke rikita waɗanda ba su san sana'ar ba. Mutane da dama na zaton cewa tsufa shi ne ma'aunin daraja, shi ya sa wasu ke biyan kuɗi masu yawa a kan abin da ya cika kasuwa, wasu kuma su sallamar da abin da suka gada a kan farashin ƙarfensa kawai. Su kuwa masu tara kuɗin, abubuwa huɗu suke dubawa: yawan waɗanda suka rage a duniya, lafiyar kwandalar, kyan zanen da ke jikinta, da kuma tarihin da ke tattare da ita.

Dalolin farko

Majalisar Dokokin Amurka ta kafa dokar buga kuɗi a 1792, aka kuma fitar da dalar azurfa ta farko daga gidan buga kuɗi na Filadelfiya a 1794, ɗauke da hoton wata mace mai sakakken gashi wadda ke wakiltar 'yanci. Guda 1,758 kacal aka fitar a wannan shekara, domin injin da ake da shi bai da ƙarfin danna kwandala mai wannan girma yadda ya kamata. An yi ƙiyasin cewa waɗanda suka rage ba su wuce 150 ba. Don haka duk wanda ya mallaki ɗaya daga ciki, ya mallaki wani yanki ne na mafarin tattalin arzikin ƙasar, kuma wannan shi ne tushen tsadarta.

Dalar da ke ɗauke da shekarar 1804 ta fi wannan ban mamaki, ganin cewa ba a shekarar aka buga ta ba. Shekaru 30 bayan nan ne, wato a 1834, gwamnatin Shugaba Andrew Jackson ta bukaci a haɗa jerin kuɗaɗen Amurka domin a kai tsaraba ga wasu sarakunan ƙasashen Gabas, ciki har da Sarkin Siyam, wadda ake kira Tailan a yanzu, da Sultan Sa'id ɗan Sultan na Maskat. Ma'aikatan gidan buga kuɗi suka duba littattafansu suka ga an rubuta cewa an buga dala a 1804, ba tare da sanin cewa da hatiman shekarun baya aka yi aikin ba, sai suka sassaƙa sabon hatimi da wannan shekara. An daɗe ana lissafin guda 15 kacal a matsayin waɗanda aka san da su. Wadda aka kai wa Sultan na Maskat an sayar da ita dala miliyan 4.14 a 1999, sannan dala miliyan 7.68 a 2021.

Sai dai irin waɗannan na manyan attajirai ne da gidajen adana kayan tarihi. Talakan mai tara kuɗi ba ya ko mafarkinsu. Ainihin cinikin da ake yi kullum ya ta'allaƙa ne a kan zane huɗu da suka biyo baya, kuma a cikinsu akwai guda ɗaya da ya yi wa sauran fintinkau.

Yadda dalar Morgan ta samo asali

Bayan da aka gano babbar ma'adinar azurfa ta Comstock a yankin Nevada a 1859, azurfa ta yi yawa a kasuwa, farashinta kuma ya soma sauka. A 1873 majalisa ta soke buga dalar azurfa ta yau da kullum, lamarin da ya harzuƙa masu haƙar ma'adinai da manoman da bashi ya yi wa katutu. Matsin lambar da suka yi ne ya haifar da dokar Bland-Allison ta 1878, wadda ta tilasta wa Baitulmalin ƙasar sayen azurfa ta dala miliyan 2 zuwa miliyan 4 a kowane wata domin a buga dala da ita.

George T. Morgan, wani masassaƙin hatimi haifaffen Birmingham ta Ingila wanda ya isa Amurka a 1876, shi ne ya tsara zanen, kuma sunansa ne ya bi kwandalar har yau. A fuskar gaba akwai kan mace sanye da hula, an ƙawata gashinta da zangarniyar alkama da ƙwallon auduga, a baya kuma mikiya ce ta buɗe fukafukai tana riƙe da kibau da reshen zaitun. Nauyin kwandalar giram 26.73 ne, faɗinta milimita 38.1, kashi 90 cikin 100 azurfa ce, sauran kuwa jan ƙarfe. An buga ta daga 1878 zuwa 1904, aka sake bugawa a 1921, jimilla fiye da miliyan 650.

Abin lura a nan shi ne, siyasa ce ta sa aka buga wannan adadi, jama'a ba su bukace shi ba. Mazauna biranen gabashin ƙasar sun fi son takardar kuɗi saboda nauyin kwandalar, don haka a jihohin yamma da kudu kawai ta yi yawo a hannun mutane. Sauran an ɗura su a jakunkunan zane, guda dubu-dubu, aka jibge a rumbunan Baitulmali, inda suka shafe shekaru da dama babu wanda ya taɓa su.

Narkarwa da buɗe rumbuna

A 1918, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Birtaniya ta shiga matsalar ƙarancin azurfa a Indiya, inda jama'a ke ta kai takardun kuɗi suna neman a ba su rupi na azurfa. Amurka ta kafa dokar Pittman, wadda a ƙarƙashinta aka narkar da dalolin azurfa fiye da miliyan 270, aka sayar wa Birtaniya mafi yawan azurfar a kan dala guda kowace oza. Ba a rubuta shekarun da ke jikin waɗanda aka narkar ba. Sakamakon haka, alƙaluman adadin da aka buga a kowace shekara suka daina nuna adadin da ya rage, kuma babu wanda zai iya cewa ga abin da ke cikin jakunkunan da suka saura.

Abin da ya faru da dalar New Orleans ta 1903 ya zama darasi a wannan fage. An buga guda miliyan 4.45, amma da ƙyar ake ganin ɗaya sabuwa, har aka ɗauka cewa kusan duk an narkar da su. A farkon shekarun 1960 farashin sabuwa ya kai dala 1,500. A ƙarshen 1962 kuwa, Baitulmali ya buɗe wani rumbu da ya daɗe a rufe a Filadelfiya, sai ga jakunkuna cike da ita ana bayarwa a kan dala guda kowace. Cikin 'yan makonni farashin ya ruguje zuwa 'yan daloli kaɗan, waɗanda suka zuba jari a kanta suka tafka asara.

Wannan lamari ya sa jama'a suka yi ta yin layi a ƙofar Baitulmali a Washington suna musayar takardun kuɗi da jakunkunan dala, har zuwa watan Maris na 1964 lokacin da gwamnati ta dakatar da musayar. Abin da ya rage a lokacin bai kai miliyan 3 ba, kuma mafi yawansu bugun Carson City ne. Gwamnati ta sayar da su ga jama'a kashi-kashi tsakanin 1972 da 1980, kowace a cikin 'yar akwati ta musamman, ta kuma samu fiye da dala miliyan 100. Haka zalika, bayan rasuwar wani attajiri mai suna LaVere Redfield a garin Reno a 1974, an samu dalolin azurfa fiye da 400,000 a ƙarƙashin gidansa, waɗanda aka sayar a dunƙule kan dala miliyan 7.3 a 1976.

Waɗannan rumbuna su ne sirrin farin jinin dalar Morgan. Ta zama tsohuwar kwandala babba da mutum mai matsakaicin ƙarfi zai iya saya tana ƙyalli kamar jiya aka buga ta, abin da ba ya samuwa a dalolin da suka gabace ta. Wanda ya fara da mai arha, sannu a hankali sai sha'awa ta ja shi zuwa neman masu wuyar samu.

Harafi ɗaya, bambancin dubban daloli

An buga dalar Morgan a gidaje biyar, kuma ana gane su ne da ƙaramin harafi a ƙarƙashin mikiya: S na San Faransisko, O na New Orleans, CC na Carson City, D na Denver a 1921 kaɗai, yayin da bugun Filadelfiya ba shi da harafi. Idan aka haɗa shekaru da gidaje, jerin ya kusa kai 100, wanda ke nufin aikin shekaru ne ga mai son kammala shi. Bugu da ƙari, wasu masana biyu, Leroy Van Allen da A. George Mallis, sun tattara ƙananan bambance-bambancen hatimi masu ɗimbin yawa, kamar bugun farko na 1878 da mikiyarsa ke da gashin wutsiya 8 kafin a mayar da su 7.

Haruffan CC sun fi kowane daraja a zukatan masu saye, domin gidan buga kuɗi na Carson City, wanda ya yi aiki daga 1870 zuwa 1893, yana dab da ma'adinar Comstock, kuma yana tuna wa Amurkawa zamanin mahaƙa da makiyayan yammacin ƙasarsu. Duk da haka, ba dukansu ne ke da wuyar samu ba. Daga cikin guda 1,136,000 da aka buga a can a 1884, kimanin kashi 85 cikin 100 an same su sababbi a rumbun gwamnati. Bugun 1889 kuwa, mai adadin 350,000, kusan babu shi a rumbun, shi ya sa farashinsa ya ninka na 1884 sau da yawa.

Mafi tsada a cikin waɗanda suka shiga hannun jama'a ita ce ta San Faransisko ta 1893, shekarar da tattalin arzikin Amurka ya shiga mawuyacin hali aka kuma soke dokar Sherman ta sayen azurfa. Guda 100,000 aka buga, mafi yawansu kuma suka sha yawo har suka goge. Ɗaya daga cikin mafiya kyau ta haura dala miliyan 2 a gwanjo a 2021. Akwai kuma ta Filadelfiya ta 1895, wadda littattafan gwamnati suka nuna an buga 12,000 domin kasuwa, amma ba a taɓa tabbatar da ganin ko ɗaya ba, sai dai daga cikin guda 880 na bugun musamman da aka yi wa masu tarawa.

Sauran zane-zanen

Dalar Zaman Lafiya, wadda Anthony de Francisci ya zana domin tunawa da ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, ita ce ta biyu a farin jini. An buga ta daga 1921 zuwa 1928, sannan a 1934 da 1935. A zanen farko mikiyar na riƙe da karyayyen takobi, amma jama'a suka yi ƙorafin cewa wannan alamar shan kaye ce, aka cire shi kafin a fara bugawa. Bugun 1921 zanensa ya taso sosai, kuma masana da dama na ganin ya fi na Morgan kyau, sai dai ya riƙa fasa hatimai, don haka aka kwantar da zanen tun daga 1922. Abin da ya biyo baya shi ne kwandala mai dusasshen zane, wadda ko sabuwa ce takan yi kama da gogaggiya. Jerinta guda 24 ne kawai, babu bugun Carson City a ciki, kuma mafi ƙarancinta, ta Filadelfiya ta 1928, adadinta 360,649 ne. Mai ƙaramin ƙarfi na iya kammala ta, amma da zarar ya kammala, babu sauran abin nema.

Dalar da ke nuna macen 'yanci a zaune, wadda aka buga daga 1840 zuwa 1873, matsalarta kishiyar wannan ce. Kimanin miliyan 6 da rabi aka buga a tsawon waɗannan shekaru, kuma tun daga wajen 1850 azurfar da ke jikinta ta fi dala guda daraja, saboda haka 'yan kasuwa suka riƙa fitar da ita ƙasashen waje ko narkar da ita. Ta fi ta Morgan wuyar samu nesa ba kusa ba, amma masu nemanta ba su da yawa, domin kammala jerinta ya fi ƙarfin kusan kowa. Wannan ya nuna cewa ƙaranci shi kaɗai ba ya ɗaga farashi sai da yawan masu nema.

Ita kuwa dalar fatauci, wadda aka fara a 1873 domin ciniki da ƙasar Sin, ta ɗan fi sauran nauyi, amma ta yi baƙin jini a gida. Bayan da majalisa ta janye matsayinta na halastaccen kuɗi a 1876, wasu masu kamfanoni sun riƙa sayenta da rahusa suna biyan ma'aikata da ita a matsayin cikakkiyar dala. Waɗanda suka isa Sin kuma, 'yan kasuwar can sun riƙa danna musu tambarinsu domin shaidar ingancin azurfar. An daɗe ana ɗaukar wannan tambari a matsayin lahani, kodayake daga baya an samu masu nemansa takanas. Dalar Eisenhower ta 1971 zuwa 1978 kuwa, wadda aka fitar wa jama'a babu azurfa a jikinta ko kaɗan, shi ya sa ba ta shiga wannan sahu ba.

Ma'aunin lafiya da haɗarin jabu

Ana auna lafiyar kwandala ne da ma'aunin maki 1 zuwa 70, wanda William Sheldon ya ƙirƙiro a 1949. Daga maki 60 zuwa sama ana nufin wadda ba ta taɓa yawo a hannun jama'a ba. Kafa kamfanonin tantancewa na PCGS a 1986 da NGC a 1987, waɗanda ke rufe kwandala cikin roba tare da rubuta makinta, ya sa ana iya ciniki ba tare da mai saye ya ga kayan da idonsa ba. A wasu shekarun, bambancin maki ɗaya na iya ninka farashi. Bugun San Faransisko na 1884, alal misali, gogaggensa yana da arha, amma sabonsa na da matuƙar tsada, alhali na 1881 daga gida ɗaya ana samunsa sabo cikin sauƙi.

Babban kuskuren da magada ke yi shi ne wanke kwandala ko goge ta domin ta yi haske. Yin haka na cire asalin ƙyallin bugu, wanda ba ya dawowa, kuma yana rage farashi ƙwarai. Hasali ma, launuka irin na bakan gizo da farar wutar da ke jikin jakunkunan zane ta haifar wa wasu dalolin, ƙarin kuɗi ake biya a kansu.

Jabu kuma ya yi yawa. Wasu kan manna harafin S ko CC a jikin dalar Filadelfiya, wasu kuma kan buga sabuwa da ƙarfe maras daraja su shafa mata ruwan azurfa. Azurfa ba ta kama maganaɗisu, don haka gwaji da shi da kuma sikeli mai auna giram kan tona asirin da yawa daga ciki. Sanin tarihi ma kariya ne: Carson City ba ta buga dala ba daga 1886 zuwa 1888, ko bayan 1893, saboda haka duk tsohuwar dalar da aka ce bugun Carson City ce a waɗannan shekaru ta bogi ce. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado.

Kasuwar kanta ba ta da tabbas. A watan Janairu na 1980, lokacin da 'yan gidan Hunt na Texas suka yi yunƙurin mamaye kasuwar azurfa, farashin oza ya kusa kai dala 50 kafin ya faɗi warwas cikin watanni biyu. Haka nan farashin kwandalolin da aka tantance ya yi tashin gwauron zabi a 1989, sannan ya zube, inda waɗanda suka saya domin riba kawai suka daɗe ba su mayar da uwar kuɗinsu ba.

Darasin dalar Mariya Tereza

Ƙasar Hausa ma ta san dalar azurfa tun kafin zuwan Turawan mulkin mallaka. Dalar Mariya Tereza ta ƙasar Ostiriya, wadda wasu ke kira liyari, ta shigo ta hannun fataken Sahara, kuma matafiyin nan Heinrich Barth, wanda ya isa Kano a 1851, ya tarar ana canjin dala guda a kan wuri 2,500. Kalmar dala ta zauna a bakin Hausawa har aka riƙa kiran sule biyu da ita a Nijeriya, a Jamhuriyar Nijar kuwa sunan sefa biyar ke nan.

Duk wanda ya samu irin wannan kwandala a kayan gado zai ga an rubuta 1780 a jikinta, ya ɗauka ta haura shekara 200. Gaskiyar magana ita ce, 1780 shekarar rasuwar sarauniyar ce, kuma tun daga lokacin ake ta sake buga dalar da wannan shekara ba tare da canji ba, a Biyana da wasu birane irin su Landan, Faris, Rum da Bombay, har adadin ya kai ɗaruruwan miliyoyi. Dalili ke nan da ya sa mafi yawansu farashinsu bai wuce na azurfar da ke jikinsu da wani abin a zo a gani ba, sai 'yan ƙalilan na bugun farko waɗanda masana ke ganewa ta ƙananan alamomi.

A 2021, shekara 100 bayan haɗuwar zanen Morgan da na Zaman Lafiya a shekara guda, gwamnatin Amurka ta sake buga duka biyun da tsantsar azurfa domin masu tarawa, kuma an sayar da su cikin ƙanƙanen lokaci. Shawarar da ƙwararru a sana'ar kan bai wa mai sabon shiga ita ce ya fara sanin shekara da harafin gidan bugu, ya auna nauyi, ya guji wankewa, kuma kada ya kai wa maƙeri kwandalar da ya gada domin narkarwa sai wanda ya san kan abin ya duba ta.